Daga Filinge Zuwa Paris: Tarihin Fim ɗin da Aka Nemi a Lalata

A shekarar 1955, a ɗakin majigi na gidan tarihin Musée de l'Homme da ke Paris, Jean Rouch ya tara malamansa da abokan aikinsa da wasu ɗalibai 'yan Afirka, ya haska musu wani fim da ya ɗauko daga Gwalkwas, ƙasar da a yau ake kira Ghana. Ba a gama tace fim ɗin ba, ba a kuma haɗa masa sauti ba. Hotuna na wucewa, shi kuma yana bayani da bakinsa daga ɗakin na'ura. Ana kunna fitilu ɗaki ya kaure. Marcel Griaule, babban masanin al'adun Dogon wanda a hannunsa Rouch ya yi digirin digirgir, ya ce a lalata fim ɗin. Paulin Soumanou Vieyra, ɗan asalin Dahomey da ke koyon aikin fim a Paris, shi ma haka ya ce, ko da yake dalilinsu ba ɗaya ba ne. Wani masani ɗan Beljiyam, Luc de Heusch, shi ne ya tsaya wa fim ɗin a ranar.

Sunan fim ɗin Les Maîtres fous, tsawonsa kimanin rabin awa. Tun daga lokacin ana nuna shi a jami'o'i da ƙananan gidajen sinima na masu neman finafinan da ba na kasuwa ba, waɗanda ake yi don su tayar wa mai kallo hankali, su bar shi da tunani. A cikin wannan rukuni ake lissafa Un chien andalou na Luis Buñuel da Salvador Dalí, na 1929, wanda ya buɗe da tsaga ido da reza, da Le Sang des bêtes na Georges Franju, na 1949, wanda ya shigar da kyamara mayankar Paris. Abin da ya raba fim ɗin Rouch da su shi ne mutanen cikinsa namu ne: 'yan ci-rani daga Nijar, kuma abin da suke yi a gaban kyamara ɗan'uwan bori ne na jini.

Labarin ya girmi fim ɗin da shekara 30. Wajen 1925, a ƙasar Kurfai, yankin Filinge, wasu sababbin iskoki suka fara hawa kan mutane a wajen wasa. Ba a san su a da ba. Suna ƙamewa kamar soja, suna sara wa juna, suna magana da gurɓataccen Faransanci, suna riƙe wuta ba ta ƙona su. Suka ce daga Bahar Maliya suka fito, babbansu kuwa Istanbula, mazauninsa Santambul, kuma Musulmi ne. Mace ce ta fara shahara da su, ana kiranta Shibo ko Zibo. Zabarmawa suka sa musu suna Hauka, Hausawan Arewa ta wajen Dogon Dutsi kuma suka san su da Babule.

Zamanin kuwa na aikin tilas ne da haraji da ɗibar soja. Faransawa sun ɗora wa Kurfayawa sarki, Gado Namalaya, wanda jama'a da dama ba su yarda da shi ba. Matasa suka yi ta shiga wannan sabon abu, suka daina jin maganar sarki, wasu suka fita daji suka kafa nasu mazauni. Labari ya kai ga kwamandan Yamai, wani mutumin tsibirin Kosika mai suna Horace Crocicchia. Ruwayar da aka fi ji ta ce ya sa an kamo kimanin mutum 60, aka kawo su Yamai, aka kulle, aka lakaɗa musu duka don su ce babu wasu iskoki. Bai san ya yi wa kansa ba. Ba a jima ba sai ga sabon iska ya bayyana a cikinsu, mai faɗa da zagi, sunansa Korsasi ko Kwamanda Mugu. Wato kwamandan da ya so kashe abin, shi kansa aka mayar da shi ɗaya daga cikin iskokin, kuma ya ci gaba da hawa kan mutane bayan mai asalin sunan ya bar ƙasar. A 1927 aka sake murƙushe su a Kurfai, aka kori wasu jagororin.

Hanyar kudu daɗaɗɗiya ce, tun zamanin fataken goro masu zuwa Gwanja. Ta ita samarin Nijar ke sauka Kumasi da Akara bayan girbi, su zauna a zango, su yi dako, su sayar da katako da kwalabe, su yanki ciyawa, su shiga ramin zinare. Da kayansu suka tafi, da iskokinsu suka tafi. A can iskokin suka sami sababbin muƙamai irin na mulkin Ingilishi. Hukumar Gwalkwas ita ma ta haramta wasan a 1935, amma haramcin bai hana komai ba, sai dai ya sa aka koma yi a bayan gari.

Rouch bai zo Afirka don fim ba. An haife shi a Paris a 1917, ya karanta aikin injiniya na hanyoyi da gadoji, aka turo shi Yamai a 1941 yana kula da dubban leburorin aikin tilas. A 1942 tsawa ta kashe masa ma'aikata 10. Wani saurayi Basarke da ke aiki tare da shi, Damouré Zika, ya ce wannan aikin Dongo ne, iskan tsawa, ya kai shi wurin kakarsa Kalia, ita ta jagoranci wasan da aka yi wa mamatan. Daga ranar injiniya ya fara juyewa. Bayan yaƙin duniya ya dawo da abokai biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin Kwara cikin kwalekwale daga mafarinsa har teku, tsakanin 1946 da 1947. A tafiyar ne ya rasa ƙafafun da ake girke kyamara a kansu, dole ta sa ya koyi ɗauka da hannu, abin da daga baya ya zama tambarinsa.

A 1954 yana Gwalkwas yana binciken 'yan ci-rani, sai ya nuna a Akara wani fim ɗinsa na farautar dorina a kogin Kwara. Cikin 'yan kallo akwai shugabannin Hauka. Suka ga mutanen gida a bango, suka ce su ma suna so. Wannan batu yana da nauyi, don sau da yawa akan manta da shi: ba leƙe Rouch ya yi musu ba, su suka gayyace shi. A watan Agusta na shekarar, ranar wata Lahadi, aka ɗauki motocin haya daga Akara zuwa gidan gonar Mountyeba, wani manomin koko ɗan Nijar wanda shi ne babbansu.

Kyamararsa Bell & Howell ce ta milimita 16, wadda ake murɗawa da hannu, ba ta wuce daƙiƙa 25 sai ta tsaya. Sauti kuwa Damouré ke ɗauka da wata na'ura dabam. Shi ya sa fim ɗin yake guntu-guntu, hoto bai gama zama a ido ba wani ya ture shi, kuma wannan gaggawar na cikin abin da ke sa ƙirjin mai kallo bugawa.

Da safe aka gabatar da sabon shiga. Sai aka zauna shari'a, masu laifi suna fitowa suna faɗin laifinsu a bainar jama'a. Wani ya ce ya nemi budurwar abokinsa, tun daga nan ya rasa ƙarfin namiji. Wani ya ce ya raina iskokin. Aka ci tarar rago da kaza. Mai goge ya fara ja, mutane suna zagaye, masu gadi riƙe da bindigogin katako da bulala. Can sai ƙafar wani ta fara rawa, numfashi ya sauya, ido ya juye, kumfa ta cika baki. Kofur mai gadi ya iso. Sai direban jirgin ƙasa, yana kai da komo. Sai Kyaftin, sai matar likita a kan wani namiji da ya sa rigar mata, sai Laftanan, sai Gwamna, sai Janar, sai Kwamanda Mugu. Mace ɗaya ce a cikin dawakin, magajiyar karuwan Akara, ita ce Madam Salma ta hau, matar ɗaya daga cikin hafsoshin Faransa na farko da suka zauna a Nijar. Suna sara wa juna, suna duba fareti, suna zagin juna a kan wanda ya fi wani girma, suna kara wuta a jiki don a san ba mutane ba ne yanzu.

Wurare biyu ne suka jawo wa fim ɗin fitina. Na farko, an fasa ƙwai a kan wani gunkin Gwamna da aka girke a filin. Nan take Rouch ya yanke, ya kai mai kallo wajen faretin gaske a Akara, inda Gwamnan Ingila ke tsaye da hular gashin tsuntsu fari yana zubo masa kamar yadda ƙwan ya zubo wa gunkin. Na biyu, kare. Aka yanka shi, suka sha jinin, sannan suka zauna taron shawara irin na manyan ma'aikata a kan ko ɗanye za a ci ko dafaffe. Aka dafa, suka riƙa tsoma hannu cikin tafasasshiyar tukunya suna ɗebo nama. Bayanin Rouch shi ne, tun da Musulmi ba ya cin kare, Bature ma ba ya ci, wanda ya ci ya nuna ya fi ƙarfin dokar kowa. Da magariba ta gabato kuma sai aka fara sallamar iskokin, saboda direbobin motocin haya za su ƙara kuɗi in dare ya yi. A ganina babu wurin da ya fi wannan gaskiya a fim ɗin duka: Janar da Gwamna sun sauka don kuɗin mota.

Washegari Rouch ya bi su wuraren aikinsu. Ga su garau, suna murmushi. Janar ashe kurtun soja ne. Gwamna da wasu manyan hafsoshin jiya leburorin hukumar ruwa ne, suna haƙa rami a gaban asibitin masu taɓin hankali na Akara. Ya rufe da tambayar ko waɗannan mutane sun san wani magani da ke hana su zaucewa cikin rayuwar birni, maganin da Turawa ba su kai ga sani ba.

To me ya fusata kowa? Griaule ya ga ana wulaƙanta Bature, ana kwaikwayonsa da kumfa a baki. Vieyra da 'yan'uwansa ɗalibai kuwa sun hango abin da ɗan kallon Paris zai fita da shi: baƙar fata da jinin kare a haɓa. Ba za a ce tsoronsu ba shi da tushe ba. Lokacin ana tsakiyar fafutukar neman mulkin kai, Kwame Nkrumah yana firaminista a Akara tun 1952, kuma hujjar 'yan mulkin mallaka kullum ita ce mutanen nan ba su isa riƙe kansu ba. Ga kuma ƙarin ciwo: dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da Faransa ke mulka sai da izinin hukuma, izinin da ɗan Afirka ba ya samu. Shi ya sa a wannan shekara ta 1955 Vieyra da abokansa suka yi nasu fim ɗin, Afrique sur Seine, a cikin Paris, don ba a ba su damar ɗauka a gida ba. Mutumin da aka hana ya nuna ƙasarsa, ya zauna yana kallon yadda wani ya nuna ta, ba abin mamaki ba ne in ransa ya ɓaci.

Ba Rouch kaɗai ne hukuma ta sa wa ido a shekarun nan ba. René Vautier ya sha ɗauri saboda Afrique 50, fim ɗin da ya tona ta'asar mulkin mallaka, aka kuma hana nuna shi shekaru da dama. Les statues meurent aussi na Alain Resnais da Chris Marker, na 1953, shi ma ya sha takunkumi kusan shekara 10. Fim ɗin Rouch kuwa Ingilishi ne suka haramta shi a Gwalkwas. Dalilan da aka bayar, cin mutuncin Gwamna, wanda yake wakilin Sarauniya, da zaluntar dabba.

Wanda ya cece shi ɗan kasuwar fim ne, Pierre Braunberger. Ya karɓe shi, ya sa Suzanne Baron ta tace, aka mayar da shi milimita 35 don gidajen sinima, aka sa gargaɗi a farkonsa cewa akwai abubuwan tashin hankali a ciki. A 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yanci, fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Venis a Italiya. Daga nan sai ya shiga hannun 'yan wasan kwaikwayo da marubuta. Ana danganta wasan Jean Genet, Les Nègres, wanda aka fara nunawa a 1959, inda baƙaƙe ke sa fuskokin farare suna kwaikwayon masu mulkinsu, da tasirin wannan fim. Peter Brook ya haska wa 'yan wasansa shi lokacin da suke shirin Marat/Sade a 1964, don su ga yadda jiki ke yi in hankali ya gushe. A lura da abin da ya faru a nan: ibadar leburorin Akara ta zama darasin motsa jiki ga 'yan wasan Landan.

Abin da ɗaliban nan suka ji wa tsoro kuma bai fasa zuwa ba, sai dai ta wata ƙofa ya shigo. A 1962 wasu Italiyawa, Gualtiero Jacopetti da abokan aikinsa, suka fitar da Mondo Cane, tarin abubuwan ƙyama da ban mamaki daga sassan duniya, da sunan fim ɗin gaskiya. Ya yi kasuwa ƙwarai. A 1966 suka biyo da Africa Addio, wanda ya nuna Afirka bayan tafiyar Turawa a matsayin mayanka. Zuriyar ta kai har Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato a 1980, wanda aka kashe dabbobi da gaske wajen ɗaukarsa, mai shi kuma ya gurfana gaban kotu. Zalunci ne a ɗora wa Rouch alhakin waɗannan. Shi ya san mutanensa da sunayensu, ya yi shekaru tare da su, su kuwa waɗancan jini suka je nema. Amma ɗan kallon da bai san Filinge ba, bai san Crocicchia ba, da wuya ya bambance.

Suka mafi nauyi daga Ousmane Sembène ta zo. A wata tattaunawa da suka yi a 1965, ya gaya wa Rouch a gabansa cewa shi da ire-irensa masu nazarin Afirka kallon ƙwari suke yi wa mutane. Maganar ta bi Rouch har ƙarshen rayuwarsa. A kan wannan fim dai, Sembène yana da gaskiya ta fuska ɗaya da ba ta musuntuwa: daga farko har ƙarshe murya ɗaya ake ji da ma'ana, ta Rouch. Shi ke faɗin abin da Gwamna ya ce, shi ke faɗin abin da ake nufi. Ba a miƙa wa Mountyeba magana ya ce ga dalilin da ya sa muke yin wannan ba.

A nan ne nake ganin mai karatun Hausa ya fi ɗan kallon Paris damar fahimta. Shekara da shekaru masanan Turai da Amurka suna karanta fim ɗin a matsayin wasan ba'a: talakawa sun taru suna yi wa masu mulkinsu dariya don su huce. Paul Stoller, wanda ya daɗe cikin Zabarmawa, ya ba wannan fassara ƙarfi a rubuce-rubucensa. Amma wani masani Baturen Ingila, Paul Henley, ya sake duba fim ɗin a 2006, ya ce a yi hattara. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen wasan bori ya san doki ba ya yi wa iskansa ba'a. Tsoronsa yake ji, yanka yake yi masa, buƙata yake kai masa: ciwo, rashin haihuwa, rashin aiki, sammu. Mutumin da ya fito ya ce ya rasa ƙarfin namiji ba zanga-zanga ta kawo shi gonar Mountyeba ba, magani ya zo nema. Iskoki kuwa a ko'ina siffar masu iko suke ɗauka. Borin ƙasar Hausa yana da sarakuna da malamai da Fulani da maguzawa, da Bature ya zo da bindiga da asibiti da jirgin ƙasa, sai aka buɗe masa nasa gida, har a Kano akwai iskokin da ake kira Turawa. Wannan bai kore siyasar da ke ciki ba, don Faransawan da suka ɗaure mutanen Shibo ba wawaye ba ne, sun ga matasa sun daina bin sarkin da suka naɗa. Amma wanda ya ce duk abin ba'a ce, ya ɗauki abin da ya fi masa daɗin ji ne ya bar sauran.

Ba sai mutum ya yarda da bori ba kafin ya ga wannan. Malaman zango na lokacin ma ba su yarda da shi ba, kuma yawancin Musulmin da zai kalli fim ɗin a yau zai kawar da kai a wurin karen. Magana ce ta sanin abin da ake kallo.

Shi Rouch ɗin, ga alama sukar ta shige shi, don finafinan da ya yi bayan wannan sun sauya hanya. A Jaguar, wanda ya ɗauka a wannan tafiya ta Gwalkwas amma bai fito ba sai 1967, Damouré Zika da Lam Ibrahima Dia da Illo Gaoudel ne ke magana da bakinsu a kan hotunansu, suna raha, suna ƙarya, suna gyara wa juna. A Moi, un noir na 1958 ya ba wani ɗan dako a tashar jiragen ruwan Abijan, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indocin, dama ya ba da labarin kansa. Wannan ɗan dako shi ne Oumarou Ganda, ɗan Yamai. Bai gamsu da yadda aka ba da labarin nasa ba, sai ya ɗauki kyamara da kansa ya yi Cabascabo, kuma a 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu. Moustapha Alassane, wanda ya yi suna da finafinan zane masu motsi, shi ma ta hannun Rouch ya shiga sana'ar.

Rouch ya rasu ranar 18 ga Fabrairu, 2004, a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Cibiyar al'adu ta haɗin gwiwar Faransa da Nijar da ke birnin ta ɗauki sunansa shekaru masu yawa. A 2024, bayan dangantaka ta lalace tsakanin gwamnatin soja da Faransa, hukumomin Nijar suka cire sunan, suka sa na Moustapha Alassane.